Aro da Rance: Wasu Matsalolin Nahawu da Zaɓen Kalma ga Mai Koyon Ingilishi a Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in Ingilishi na ɗalibai a makarantun ƙasar Haɗeja ya san akwai batun da yara ba sa rasa abin faɗa a kansa, watau ambaliya. Kogin Haɗeja yana tattaro ruwan kogin Kano da na Challawa, ya biyo ta ƙasar Auyo da Haɗeja da Kiri Kasamma da Guri, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Ko da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin bai daina tumbatsa ba a shekarun ruwa mai yawa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Yaron da ya ga ruwa ya shafe gonar shinkafarsu yana da labari a bakinsa. Abin da yake ba shi wuya shi ne fito da labarin cikin Ingilishi. Ga misalin da aka tsara don wannan maƙala, a kan salon da malamai suka saba gani:

“Last year water ate our farm. They said they opened Tiga. My father he borrowed our neighbour his canoe. Many properties spoiled.”

Bahaushe da ya karanta wannan zai ji Hausa tsantsa a ƙarƙashinsa: bara ruwa ya ci gonarmu, an ce an buɗe Tiga, babana ya ara wa maƙwabcinmu kwalekwalensa, dukiya mai yawa ta lalace. Babu jimla ɗaya da yaron ya rubuta da ka. Kowace tana bin ƙa'ida, sai dai ƙa'idar ta Hausa ce. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa galibin kurakuran da Bahaushe yake yi a nahawun Ingilishi da zaɓen kalmominsa suna faruwa ne a wuraren da harsunan biyu suka ja iyaka a gurabe daban, kuma malamin da ya san nahawun Hausa yana iya hango su tun kafin su auku.

Lamarin ya wuce gardamar masana. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, ko da kuwa aikin gona ko lissafi ɗalibi yake so ya karanta. Ɗan Birniwa ko Kaugama da ke hangen Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa yana iya shekara biyu a gida saboda kurakurai irin waɗancan. Ga shi kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a azuzuwan farko na firamare, a 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar an koma ga Ingilishi tun daga matakin farko. Ko wace manufa ake bi, yaron da ya shigo aji da Hausa yake tunani, kuma da ita zai auna duk abin da aka gaya masa.

Aro da rance

Jimla ta uku a misalin da ya gabata ita ce mafi haɗari, domin tana juya ma'ana gaba ɗaya. Baturen da ya karanta ta ba zai san ko wane ne mai kwalekwalen ba. A Ingilishi “borrow” na mai karɓa ne, “lend” na mai bayarwa, kalmomi biyu da ba su da dangantaka ta asali. Hausa kuwa saiwa ɗaya take amfani da ita, ta bar wa ƙarshen aikatau da karin sauti aikin rarrabewa. A “ya ari kwalekwale” shi ne ya karɓa. A “ya ara mini kwalekwale” shi ne ya bayar. Aikatau na farko yana cikin rukuni na biyu na tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, na biyun kuma yana rukuni na ɗaya. Idan aka furta su su kaɗai, ɗaya yana farawa da karin sauti na ƙasa ya ƙare da na sama, ɗayan kuma akasin haka. Da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, duka biyun “ara” ake rubuta su. To, yaron da aka gaya wa tun yana aji uku cewa “ara” shi ne “borrow” ba shi da dalilin da zai hana shi cewa “borrow me your biro”.

Haka abin yake ga “koya”. Ya koyi Turanci, ya koya mini Turanci, ya koyar da Turanci: saiwa ɗaya, alhali Ingilishi yana da “learn” da “teach”. Daga nan ne “he learned me English” take fitowa. Akwai kuma saya da sayar, ci da ciyar, aura da aurar, fita da fitar, inda ƙarshen rukuni na biyar yake mai da aiki ya nufi waje ko ya faɗa kan wani. Abin lura shi ne ba a cika jin ɗalibi ya rikita “buy” da “sell” ba. Dalili kuwa, rubutun Hausa ya nuna bambancin saya da sayar a fili, kuma an koya masa kalmomin biyu tare, kowace da abokiyarta. Inda rubutu ya ɓoye bambancin, kamar a ara da koya da ranta, nan ne kuskuren ya yi kaka-gida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna hanyar gyara. Idan malami ya rubuta “ari” a gefe guda na allo da “ara wa” a ɗaya gefen, ya tambayi aji wa ya karɓa wa ya bayar, babu yaron da zai kasa amsawa. Bayan haka ne zai ɗora “borrow from” a ƙarƙashin na farko, “lend to” a ƙarƙashin na biyu.

Kada a ɗauka Hausa ce ta gaza a nan. Tana da bambancin da Ingilishi ba shi da shi. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar fartanya ko koma ko jaki. Rance na abin da za a kashe ko a cinye a mayar da madadinsa ne, kamar kuɗi ko tiyar gero. Manomin da ya je wajen maƙwabcinsa da bazara neman irin shinkafa rance ya je nema, ba wanda zai kira shi aro. Ingilishi “borrow” zai ce a duka biyun. Baturen da ke koyon Hausa a daidai nan yake tuntuɓe, kamar yadda Bahaushe yake tuntuɓe a ɗaya gefen. Gaya wa ɗalibai wannan yana da amfani, ko ba komai yana rage musu jin cewa harshensu ne mai naƙasa.

Rukuni na shida, mai ƙarewa da “o”, shi ma yana da nasa rabon. Fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo, koma da komo, aika da aiko: Hausa tana nuna ko aiki ya nufo mai magana ta hanyar wasali ɗaya. Ingilishi sai ya canza kalma, “go out” da “come out”, “take” da “bring”, ko kuma ya yi shiru a kan bambancin, kamar a “send”. A nan Hausa taimako take yi wa malami, domin ɗalibin da aka ce masa “bring” kawo ne, “take” kai ne, ya gama fahimta. Haka ma “say” da “tell”, waɗanda littattafai suke ɓata shafuka a kansu: “say” ce ne, “tell” gaya wa ne, kuma kamar yadda ba a gaya sai da wanda aka gaya wa, haka “tell” take neman mutum a bayanta.

Ci da sha da ji

Tushen “water ate our farm” shi ne hanyar koyarwa ta kalma da kalma, wadda kusan kowa ya taso da ita: “eat” ci, “drink” sha, “hear” ji, “water” ruwa. Ba ƙarya aka gaya wa yaro ba, amma rabin gaskiya ne. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 zai ga irin filin da kalmar ci ta cinye. Ana cin abinci, a ci jarrabawa, a ci wasa, a ci gari da yaƙi, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci mutunci, a ci mutum tara. Wuta tana cin gida, ruwa yana cin mutum. Ingilishi yana da aikatau daban ga kusan kowanne: “pass”, “win”, “conquer”, “betray”, “fine”, “burn”, “drown”. Sha ma haka: sha ruwa “drink” ne, amma sha magani “take”, sha taba “smoke”, sha kankana “eat”, sha rake “chew”, sha wahala “suffer”. Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna a wani nazari na 2009 cewa wannan yaɗuwa tana da tsari: ci yakan karkata ga rinjaye da mamaya, sha kuma ga abin da ya auka wa mutum ya jure shi. Shi ya sa ƙungiyar da ta yi nasara ta ci, wadda aka doke ta sha kashi. Malamin da ya san wannan zai iya tara waɗannan maganganu gida biyu ya koyar da takwarorinsu na Ingilishi a jere, maimakon ya jira su fito ɗaya ɗaya a takarda ya ja musu jan layi.

Ji ya haɗa abin da Ingilishi ya raba huɗu ko biyar. Ana jin ƙara, a ji wari, a ji daɗi, a ji sanyi, a ji yunwa, a ji Turanci. Daga nan ake samun “I am hearing smell” da “I don't hear English”, inda ake bukatar “smell” da “understand”, a wasu wuraren kuma “feel” ko “taste”. Yi kuma yana tsaye tsakanin “do” da “make”, kuma babu wata ƙa'ida mai gamsarwa da za a ba ɗalibi: “make a mistake” amma “do the work”, “make a noise” amma “do business”. Sau da yawa ma Ingilishi ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu, domin yi barci “sleep” ne kawai, yi magana “speak”. Waɗannan sai hadda, kuma gara a haddace su cikin jimla.

Kalmomin fadama suna da nasu tarko. Nutse kalma ɗaya ce, amma kwalekwale “sink” yake yi, mutum kuwa idan ya mutu a ruwa “drown”. Ɗalibin da ya rubuta cewa ƙanensa “drowned” sannan aka tsamo shi ya koma makaranta ya ba da labarin mutuwa bai sani ba. Lalace tana ɗaukar gona da injin ban ruwa da kifi da katanga, sai ɗalibi ya zuba musu “spoil” duka, alhali amfanin gona “was destroyed”, inji “broke down”, kifi “went bad”, katanga “collapsed”. Ruwa kansa “water” ne a randa, “rain” daga sama, “juice” a lemo, “interest” a banki. Sai kuma “damage” da “damages”: na farko ɓarna, na biyu diyyar da kotu take yankewa. Wanda ya rubuta takardar koke yana cewa ambaliya ta kawo “many damages” ya ce ta kawo diyya mai yawa, abin da kowa a Guri zai so ya zama gaskiya.

Akwai wani kuskure da littattafai da malamai suke dasawa da kansu, watau ɗora lokutan shekara na Hausa a kan na Ingila. Akan ce bazara ita ce “spring”, damina “summer”, kaka “autumn”, hunturu “winter”. Lissafin ya yi kyau a allo amma bai dace da komai ba. Bazara a Haɗeja lokacin tsananin zafi ne gab da faɗuwar ruwa, “spring” kuwa lokacin da sanyi yake sakin ƙasa ne. Abin da ya dace a koyar shi ne “the hot season”, “the rainy season”, “the harvest season”, “the harmattan”, “the dry season”, a bar wa Turai sunayenta.

Lokaci

A Hausa aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Lamirin da ke gabansa shi ne yake ɗauke da wannan nauyi: ya shuka, yana shuka, zai shuka, yakan shuka. Wannan lamiri ba ya faɗuwa ko da an ambaci sunan mai aikin, shi ya sa “babana ya ara” ta zama “my father he borrowed”. Wannan kuskure yana saurin gushewa. Wanda yake daɗewa shi ne wanda ya samo asali daga abin da lamirin yake nunawa. Abin da littattafan nahawun Hausa suke kira shuɗaɗɗen lokaci, a haƙiƙa kammaluwar aiki yake nunawa, ko jiya ne ko gobe. “Ya tafi” tana iya zama “he went” ko “he has gone” ko “he had gone”, sai mahallin magana ya tantance. A jimlar sharaɗi ma gaba take nufi: in ruwa ya zo za mu tashi. Ɗalibi sai ya rubuta “if the water came we will leave”, alhali “comes” ake so. Na sani, na gane, na gaji, na yarda duk siffarsu ta kammaluwa ce, amma halin yanzu suke bayyanawa, shi ya sa ake jin “I understood” daga bakin yaron da aka tambaya ko ya gane yanzu.

Lokaci mai ci shi ma ba ya kula da jiya ko yau. Da na zo yana barci: “yana” ɗin nan ba ta canza ba don an koma baya, sai a sami “when I came he is sleeping”. Bugu da ƙari, da wannan siffa Hausa take nuna mallaka da so da sauran halaye, yana da gona, tana son karatu. Da yake an koya wa yaro cewa “yana” daidai take da “he is” da aikatau mai ƙarewa da “ing”, sai ya ce “he is having a farm”. Ingilishi kuwa ba ya son wannan siffa ga aikatau na hali irin su “have” ta mallaka da “know” da “own”. Wannan na cikin kurakuran da ake ji har a bakin masu digiri, kuma ba Hausawa kaɗai ba.

Sai “an”. Hausa ba ta da ginin jimla irin na “was built”; idan ba a son ambaton mai aiki, lamirin da ba shi da takamaiman mai shi ake sawa: an buɗe Tiga, an haife ni a Malam Madori, an ɗauke wuta. Abin da ya fi kusa da shi a idon ɗalibi shi ne “they”, sai mai karatu ya yi ta neman su wane ne. Fassarar “an” da “a” da “ana” da “za a” zuwa “was opened”, “is opened”, “will be opened” darasi ne na mako ɗaya da yake gyara rubutun ɗalibi ƙwarai, musamman a rahoton kimiyya da wasiƙar hukuma.

Suna da abokan tafiyarsa

Shawara tana da jam'i, shawarwari. Haka bayani da bayanai, labari da labarai, kaya da kayayyaki. Takwarorinsu na Ingilishi, “advice”, “information”, “news”, “luggage”, “equipment”, ba a ƙidaya su, ba sa karɓar “an” ko “many”. A ɗaya ɓangaren kuma Hausa tana barin suna a tilo bayan an ambaci adadi, buhu goma, shekara biyar, sai a sami “ten bag” da “five year”. Ke nan ɗalibi yana sa “s” inda ba a so, yana cire ta inda ake so, kuma a duka biyun Hausa yake bi.

Batun jinsi yana da ban sha'awa a ƙasar Haɗeja musamman, domin aji ɗaya yana iya haɗa Bahaushe da Bafillace da Bamange da Babade. Hausa ta raba shi da ita, don haka ɗan Hausa ba ya cika rikita “he” da “she” a kan mutane. Matsalarsa “it” ce, wadda ba ta da gurbi a Hausa, sai ya kira mota “she” domin ta lalace, ya kira gari “she” domin Haɗeja ta cika. Fillanci da Barbarci kuwa ba su raba namiji da mace a wakilin suna ba, saboda haka yaron da ɗayansu ne harshensa na gida yana iya kiran mahaifiyarsa “he”, musamman idan Hausarsa ba ta nuna ba. Kurakurai biyu ne masu kama da juna a takarda, amma asalinsu daban, maganinsu ma daban.

Game da “a” da “the”, akan ce Hausa ba ta da su. Maganar ba daidai take ba sosai. Akwai “n” da “r” da ake liƙa wa sunan da aka riga aka ambata, yaron, gonar, akwai kuma wani da wata da wasu. Sai dai “the” ta fi su faɗi. Bahaushe yana cewa rana ta faɗi, Sarki ya fito, na je kasuwa, ba tare da wata alama ba, inda Ingilishi yake tilasta “the sun”, “the Emir”, “the market”. Wani kuma yakan koma “one”, kamar a “one man came”. Akwai kuma wuraren da Ingilishin kansa ba shi da hujja: “the River Hadejia” amma “Lake Chad” babu komai a gabansa. Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibai gaskiya cewa wannan al'adar harshen ce kawai.

Wanne ne kuskure?

Ba kowane saɓani da Ingilishin Ingila ne kuskure ba, kuma ba kowane kuskure ne daga Hausa yake ba. Robert Lado a 1957 ya ɗauka kwatanta harsuna biyu zai iya bayyana duk wahalar mai koyo. S. P. Corder a 1967 da waɗanda suka biyo shi suka nuna cewa wasu kurakuran na hanyar koyo ne kanta. Yaron da ya ce “goed” ko “catched” ba Hausa ya bi ba, ƙa'idar Ingilishi ya faɗaɗa, kamar yadda 'ya'yan Turawa suke yi. Wasu kuma daga Ingilishin Nijeriya na gama-gari suke zuwa, ta bakin malami ko rediyo ko fina-finai, kamar “off the light”. David Jowitt ya tattara irin waɗannan da yawa a littafinsa na 1991 a kan yadda ake amfani da Ingilishi a Nijeriya.

A cikin wannan kaso na ƙarshe akwai waɗanda bai kamata a taɓa su ba, domin suna cike gurbin da Ingilishi ya bari. Kalmar fadama ta shiga rubutun hukuma da na masana, har Bankin Duniya ya sa ta a sunan shirin noman rani da aka fara a farkon shekarun 1990, domin “swamp” da “marsh” da “floodplain” babu wadda ta ɗauke ma'anarta duka. “Turbaning” ita ce kalmar da jaridu suke amfani da ita ga naɗin sarauta, “co-wife” ga kishiya. Ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Nijeriya 29 a watan Janairu na 2020, har da Kannywood. “Well done” da ake gaishe da mai aiki, wadda sannu da aiki ce a rigar Turanci, ba ta cutar da kowa a bakin gona, ko da yake ya kamata ɗalibi ya san cewa a wajen Bature yabo ne bayan an gama aiki. “Senior brother” ma tana da uzuri, tun da harshen da ya raba wa da ƙane, ya da ƙanwa, kawu da baffa, inna da gwaggo, ba zai gamsu da “brother” da “uncle” ba. Amma mai duba jarrabawa “elder brother” yake jira.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambaya ko maganar tana juya ma'ana. “Borrow” a gurbin “lend” tana juyawa. Haka “drown” a gurbin “sink”, da “damages” a gurbin “damage”. Haka kuma amsar tambaya mai korewa: idan aka ce wa Bahaushe ba ka biya ba, yakan amsa da i, yana nufin haka ne, ban biya ba. Idan ya mai da wannan “yes” ga wanda ya tambaye shi “Didn't you pay?”, ya ce ya biya ke nan. A asibiti ko a kotu ko wajen rabon kayan agaji irin wannan amsa tana da sakamako. Waɗannan su ya kamata su sami mafi yawan lokacin aji, kafin a zo kan “ten bag”, wadda ba ta ɓatar da kowa ko da yake tana zubar da maki.

Kalmomin aro ma suna iya yaudara idan suka koma gida. Hausa ta ari kanti daga “canteen”, tireda daga “trader”, tasha daga “station”, minti daga “mint”, kowace ta sauya ma'ana a hanya: kanti shago ne, tireda ƙaramin shagon kayan masarufi, tasha wurin hawa mota, minti kowace irin alewa ta leda. Ɗalibi yana ganin ya san kalmar, sai ya mai da ita Ingilishi da ma'anarta ta Hausa, ya rubuta cewa yayansa ya buɗe “a trader” a bakin “station”. Ƙamus mai harshe biyu, kamar na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana taimakawa a nan idan an koya wa ɗalibi ya karanta dukkan ma'anonin da ke ƙarƙashin kalma da misalansu, kada ya tsaya a ta farko. Na Roxana Newman ya fi dacewa da wannan aiki, domin yana rarrabe ma'anonin kalmar Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, kuma yana nuna karin sauti da tsawon wasali, ta yadda “ara” ta mai karɓa da “ara” ta mai bayarwa suke fitowa daban a shafi.